Daga Hanci Zuwa Jela: Yadda Na Bi Sawun Wani Tsohon Jirgin Yaƙi

A cikin masu tara tsofaffin hotunan jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, kowa da ƙofar da ya shiga. Wani ƙirar jirgi yake bi, wani runduna ɗaya ya riƙe har ya haddace sunayen matuƙanta, wani kuma ba ruwansa da komai sai zanen da sojoji suke yi a hancin jiragen da ke jefa bama-bamai. Ni zanen ne ya fara jan idona, amma Kano ce ta zaunar da ni. Abin da nake nema tun farko shi ne hoton ɗaya daga cikin jiragen nan a tsaye a filin jirgin garinmu, da zanensa a hanci, wanda wani soja ya ɗauka da kyamarar hannunsa, ba irin na gwamnati da aka sha bugawa a littattafai ba.

Kuma burin yana da tushe. Bayan Faransa ta faɗi a 1940, Italiya kuma ta shiga yaƙin, tekun Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Ingila, ga shi sojojinta da ke Masar suna kukan rashin jiragen sama. Sai aka riƙa kawo jirage cikin manyan akwatunan katako zuwa tashar Takoradi, a ƙasar da yau ake kira Ghana, a harhaɗa su a can, su tashi su biyo ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ita ce N'Djamena ta yanzu, su ratsa Darfur ta El Geneina da El Fasher zuwa Khartoum, sannan su bi kogin Nilu har Alƙahira. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Da gwamnan Chadi, Félix Éboué, bai goyi bayan de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, ba a watan Agusta na 1940, da hanyar ba ta buɗe ba, domin Nijar a lokacin tana hannun gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa da ta bi Jamus. Su ma Jamusawa sun san darajarta, shi ya sa a watan Janairu na 1942 jirginsu guda ya ratso Sahara daga Libiya ya yi ruwan wuta a kan ma'ajiyar man da ke Fort Lamy.

Da Amurka ta shigo yaƙin, manyan jiragenta ba sa bukatar akwati. Da fikafikansu suke zuwa: daga Florida su gangara ta Puerto Rico da Trinidad, su sauka Belém da Natal a Brazil, su tsallaka teku, wasu su sha mai a tsibirin Ascension, su sauka Accra, daga nan su hau waccan hanya ta gabas. Samarin da ke cikinsu galibi ba su taɓa barin ƙasarsu ba, kuma da yawansu suna da ƙaramar kyamara a jaka, duk da dokar da ta taƙaita ɗaukar hoto. Hotunan da suka ɗauka suna nan a akwatunan jikokinsu, kuma duk lokacin da aka kwashe kayan gidan wani tsoho da ya rasu, wasu sukan faɗo kasuwar gwanjo ta intanet.

A irin wannan kasuwa na ga albam ɗin. Mai shi dillalin tsofaffin kaya ne a Amurka, kuma ya riga ya fara abin da dillalai suka saba: ya ɓalle hoto guda daga shafinsa ya sa masa kuɗi shi kaɗai, saboda shi ne mai zanen hanci, shi ne zai yi tsada. A ƙarƙashin tallan ya rubuta kalma ɗaya, Afirka. Hoton na wani babban jirgi ne an ɗauke shi daga gefen hagu, a kan hancinsa an zana alfadari yana harbi da ƙafafun baya, a ƙasa kuma ga wasu mutane sanye da riguna masu faɗi da huluna suna mirgina duro. Na rubuta masa na tambaye shi ko sauran albam ɗin yana nan. Ya ce yana nan, shafuka ne baƙaƙe cike da hotunan gari da na sansani waɗanda a ganinsa ba mai saye. Na ce ya mayar da hoton gurbinsa, ya ɗaukar mini shafin yadda yake, ya faɗi kuɗin duka.

Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci a duk aikin, ko da yake a ranar ya fi kama da asarar kuɗi. Raba albam ɓarna ce da ba ta gyaruwa. Sojan da ya liƙa hotunan nan ya jera su ne bisa yadda tafiyarsa ta kasance, saboda haka kowane hoto shaida ne ga maƙwabcinsa. Ka ɓalle ɗaya, ka sami zane mai kyau, amma ka yanke masa dangi. Na sha ganin hotuna masu ban sha'awa a hannun mutane waɗanda har abada ba za a san inda aka ɗauke su ba, don kawai wani ya ga zai ci ribar dala kaɗan in ya sayar da su ɗai-ɗai.

Biyan kuɗi da kawowa ba su da wani labari mai tsawo. Katin naira bai yi ba, sai ɗan yayata da ke karatu a can ya biya, aka kai masa, ya riƙe a jakar hannu har ya zo hutu. Na dai ja masa kunne kada ya sa shi cikin kayan da ake aunawa, kada kuma ya gwada ɓamɓare komai.

Kafin in kalli jirgin, takardar na fara kallo, domin kasuwar nan cike take da hotunan da aka sake wankewa daga baya ana sayar da su a matsayin na asali. Na sa gilashin ƙara girma a kan inuwar da ke ƙarƙashin fiffike. Hoton da aka kwafo daga littafi ko jarida yakan wargaje ya zama ƙananan ɗigo-ɗigo a jere, na firinta kuma ɗigonsa a warwatse suke da launi-launi. Wannan babu ko ɗaya, baƙi yana narkewa cikin toka-toka ba tare da tsari ba. A gefuna, inda baƙin ya fi yawa, in ka karkata shi ga haske za ka ga wani ƙyalli mai shuɗi-shuɗi. Azurfar da ke cikin hoton ce take tasowa sama bayan shekaru masu yawa. A baya kuma ga sunan Velox an buga shi da launi mai rauni, takardar kamfanin Kodak ke nan da aka fi wanke ƙananan hotuna da ita a wancan zamani.

Na kai wa wani dattijo da ya yi sana'ar hoto a Fagge tun zamanin da ake wanki a ɗaki mai duhu. Bai sa tabarau ba ma. Ya riƙe hoton ta gefe da yatsu biyu, ya ɗan lanƙwasa shi, ya shafa bayansa, ya kai hanci.

"Ɗana, wannan takarda ce zalla, ba leda a jikinta," in ji shi. "Ta zamaninmu ta baya-baya santsi gare ta, ruwa ba ya shiga. Wannan kuwa sai an shanya ta."

Na ce, "Baba, to shekarunta fa?"

Ya ce, "Ta girme ni a sana'a. Ka dai kiyaye ta da damina."

Maganarsa ta yi daidai da abin da masana adana hotuna suka tabbatar: takarda mai rufin roba sai wajen ƙarshen shekarun 1960 ta shigo kasuwa. Gwaji na ƙarshe da dare na yi shi, da 'yar tocilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita. Daga tsakiyar shekarun 1950 kamfanoni suka fara zuba wa takardar hoto wani sinadari mai ƙara fari, wanda yake walƙiya a ƙarƙashin irin wannan haske. Na ajiye farar takardar ofis a gefe, ta haska kamar an kunna ta, hoton kuwa ya yi shiru. A nan akwai abin lura: walƙiya tana ƙaryata hoto, amma rashinta shi kaɗai ba ya gaskata shi, tunda mai ha'inci zai iya samun tsohuwar takarda. Sai shaidu sun taru. Wata shaidar a wurina ita ce hatimin jami'in tace wasiƙu na soja da ke bayan wasu hotunan albam ɗin, wanda ya ba da izinin ajiye su don amfanin kai ba don bugawa ba.

Da na gamsu da takarda, sai jirgi. Injuna huɗu, fiffike a saman gangar jiki, jiki mai zurfi kamar akwati, jela biyu masu siffar ƙwai, da taya a ƙarƙashin hanci: B-24 ne, wanda ake kira Liberator. Ba a taɓa ƙera jirgin yaƙin Amurka da yawansa ba, sun haura 18,000, har ta kai masana'antar Ford da ke Willow Run tana fitar da guda a kowace awa a 1944. Mutane sun fi sanin B-17, mai jela ɗaya doguwa, amma B-24 ya fi shi nisan zango, shi ya sa shi aka fi turawa hamada. Hancin na cikin hotona gilashi ne gaba ɗaya, an rarraba shi gida-gida, babu kejin bindiga mai juyawa a gaba. Wannan ƙirar D ce, ta farkon yaƙi, kafin a gane cewa jiragen abokan gaba ta goshi suka fi kawo hari a ƙara wa na baya makami a nan. Launin jikinsa kuma fari-fari ne amma ba ya ƙyalli. Da ƙarfe ne tsirara, irin na jiragen da aka daina yi wa fenti daga farkon 1944, da rana ta haska a kansa. Wannan fentin rairayi ne, wanda aka riƙa shafa wa jiragen da za su yi aiki a Masar da Libiya.

Abin da ya fi taimaka mini wajen ƙayyade lokaci shi ne tauraron da ke gefen jirgin, kuma duk mai son wannan harka ya kamata ya haddace tarihinsa. Har zuwa watan Mayu na 1942, tambarin jiragen Amurka farin tauraro ne cikin shuɗin da'ira, da jan ɗigo a tsakiya. Aka cire ɗigon saboda daga nesa yana kama da jar ranar Japan. A ƙarshen watan Yuni na 1943 aka ƙara fararen sanduna biyu a gefe da gefe, aka zagaye duka da jan layi, bayan kamar wata biyu aka mayar da layin shuɗi. In kuwa ka ga jan layi a tsakiyar sandunan, to hoton na 1947 ne ko bayan haka, ko me mai sayarwa ya ce. Nawa tauraro ne cikin da'ira, ba ɗigo, ba sanduna. Ke nan tsakanin Mayu 1942 da Yuni 1943 aka ɗauke shi, ko kusa da haka, tunda ba rana ɗaya ake sake wa dukkan jirage fenti ba.

Sai na dawo kan alfadarin. Wanda ya zana shi ba gwani ba ne ƙwarai, kunnuwan sun yi tsawo, ƙafa ɗaya ta fi 'yar'uwarta kauri, amma fushin da ke idon dabbar ya fito. A ƙarƙashinsa an rubuta sunan wata mace da haruffa masu lanƙwasa. Duk wanda ya tsaya a bakin titin Zariya ya kalli manyan motocin katako da zakuna da dawakan da ke jikinsu, da kirarin da direba yake sa a rubuta masa a goshin mota, ya riga ya fahimci rabin wannan al'ada. Mutum ne yake ɗora ransa a kan inji kullum, sai ya ba injin suna da fuska don ya zama nasa. A wurin sojojin nan abin ya fi tsanani. Mutum tara ko goma ne a jirgi ɗaya, yawancinsu ba su wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, kuma a rundunar sama ta takwas ta Amurka da ke Ingila sai mutum ya yi fita 25 ta kai hari kafin a sallame shi ya koma gida, daga baya aka ƙara zuwa 30, sannan 35. Wannan runduna ita kaɗai ta rasa mutum fiye da 26,000.

Masu zanen galibi makanikai ne ko ƙananan sojoji da suka taɓa aikin rubuta allon shago, ana biyansu da 'yan daloli ko sigari, suna aiki da fentin da ya samu. Wasu sun yi suna, irin su Tony Starcer na runduna ta 91 a Bassingbourn, wanda ya yi wa jirage da dama zane, ciki har da Memphis Belle, B-17 ɗin da ya cika fita 25 a watan Mayu na 1943, wanda yanzu yake gidan tarihin sojan sama a Dayton ta jihar Ohio. Kamfanin Walt Disney ya zana tambura wajen 1,200 ga rundunoni daban-daban. Bakin kifin shak mai haƙora da mutane suke dangantawa da matuƙan Amurka a China, a hamadar Masar aka gan shi tun 1941 a jiragen runduna ta 112 ta Ingila, su ma daga jiragen Jamus suka kwaikwaya.

Dole in faɗi matsayina a kan wani ɓangare. Zanen da ya fi yawa, kuma ya fi tsada a kasuwa, na mata ne da ba su da cikakkiyar sutura, waɗanda aka kwafo daga ayyukan George Petty da Alberto Vargas a mujallar Esquire. Ba na sayen irin waɗannan, ba na ajiye su a gidan da 'ya'yana suke. Amma ba zan ce ba tarihi ba ne, domin suna faɗin gaskiyar abin da ke zukatan samarin da aka raba da gida. Na bar wa wasu wannan fage, ni na riƙe na dabbobi, da na barkwanci, da na sunayen iyaye mata da garuruwa, kuma a cikinsu ma akwai abin da zai ishe ni har ƙarshen rayuwa.

Abin da babu a hancin ya fi abin da ke akwai yi mini amfani. Al'ada ce duk fita ɗaya a zana ƙaramin bom a ƙarƙashin tagar matuƙi, in an kakkaɓo jirgin abokan gaba a zana tambarinsu. Jiragen da suke tsallaka duwatsun Himalaya daga Indiya zuwa China raƙumi suke zanawa, wasu 'yan Ingila kuma in sun kai hari Italiya sai su zana askirim. Hancin nawa fes yake, ba bom ko guda, fentin alfadarin ma bai fara ɓarewa ba. Jirgi ne sabo da bai ga yaƙi ba tukuna, yana kan hanya.

Sunan da ke hanci ba ya kai ka ko'ina shi kaɗai. Na bincika shi a jerin sunayen jirage na ga B-24 da B-17 da dama sun ɗauke shi, domin ba hukuma ce take ba da suna ba, kuma in jirgi ya sauya hannu sababbin masu shi sukan shafe su rubuta nasu. Lamba ce ba ta sauyawa, ita kuwa a jela take, masu ɗaukar hoto kuma hanci suke so. A nan albam ɗin ya biya kuɗinsa. Shafi biyu gaba akwai hoton wasu sojoji zaune a inuwar jelar wani jirgi suna cin abincin gwangwani, kuma sama da kawunansu lambar ta fito. Na kwafi hotunan biyu da na'urar sikana a mafi girman ƙarfinta, na kwatanta su a kwamfuta. Akwai wani tabon mai da ya gangaro daga injin ciki na hagu, da wani facin fenti a bayan fiffike, duka biyun sun fito a hotunan. Jirgi ɗaya ne.

Karanta lambar yana da ƙa'ida. Cikakkiyar lamba tana farawa da shekarar kasafin kuɗin da aka ba da odar jirgin, amma a jela sai a yar da adadin farko da karan tsakiya. Memphis Belle lambarsa 41-24485, a jelarsa kuwa 124485 aka rubuta. Da na mayar da tawa cikakkiya, na duba ta a jerin lambobin da wani mai binciken tarihin jirage, Joe Baugher, ya share shekaru yana tattarawa, ta faɗo cikin rukunin B-24D da kamfanin Consolidated ya ƙera a San Diego. Daga nan na rubuta wa ma'ajiyar tarihin sojan saman Amurka da ke sansanin Maxwell a jihar Alabama, inda ake ajiye katin kowane jirgi. Katin ba shi da daɗin karatu, layuka ne na gajerun haruffa da kwanan wata, amma ya nuna ranar da soja suka karɓi jirgin, da inda aka kai shi gyare-gyare, da tashinsa daga Florida a farkon 1943. Ya yi daidai da tauraron, ya yi daidai da fentin, ya yi daidai da hancin da ba bom.

Da lambar a hannu, sai na nemi ta a cikin rahotannin jiragen da suka ɓata, waɗanda sojan saman Amurka suka fara cikewa a 1943, suna nan kuma ajiye a ma'ajiyar tarihi ta ƙasarsu. Na yi fatan kada in same ta. Na same ta. Jirgin bai dawo ba daga wani hari a kudancin Turai, 'yan watanni bayan wannan hoto. Rahoton ya ƙunshi lambar kowane inji da ta kowace bindiga, da sunayen mutum goma, da adireshin wanda za a sanar, kusan duka iyaye mata ne ko matan aure, da bayanin wani mai bindiga na jirgin da ke kusa wanda ya ga wuta ta kama fiffike. Mai albam ɗin ba ya cikin goman, hotunansa sun ci gaba har sansanin Italiya a 1944. Ranar ban iya ci gaba da aikin ba.

Irin wannan ƙarshe ba baƙo ba ne ga jiragen hamada. A harin matatun mai na Ploiești a Romaniya, ranar 1 ga Agusta 1943, B-24 kusan 180 suka tashi daga Benghazi, fiye da 50 ba su koma ba. Wani mai suna Lady Be Good ya wuce sansaninsa cikin dare a watan Afrilu na 1943 ya nutsa cikin Saharar Libiya, ba a gan shi ba sai 1958, kusan duk mutanensa kuma ƙishirwa ta kashe su suna tafiya a ƙasa. Ba na kuma yarda in kalli zanen nan in manta da mutanen da ke ƙasa. Kowane ƙaramin bom da aka zana a hanci gari ne da aka kai wa hari. A Hamburg, cikin watan Yuli na 1943, mutum wajen 40,000 suka mutu, a Tokyo kuma a daren 9 ga Maris 1945 wajen 100,000. Jirgin da ya jefa bom a Hiroshima sunan mahaifiyar matuƙinsa aka rubuta masa a hanci, Enola Gay. Mai tara hotunan nan da yake ganin ado kawai bai gama kallo ba.

Saura wuri. Na bi shafukan daki-daki. Akwai bishiyoyin kwakwa da wata coci irin ta Brazil, sai wani tsibiri mai baƙaƙen duwatsu ba ko ciyawa, wanda ya yi daidai da Ascension, sai kwale-kwalen masunta a bakin teku. Shafi na gaba shi ne mai alfadari. A kan wannan shafi, kusa da shi, akwai hoton da duk Bakano zai gane ba sai an faɗa masa ba: marina a bakin karofi, da zannuwa a shanye, da ganuwa a baya. Sai wani na jakuna ɗauke da kaya suna shiga wata ƙofar gari. Bayan shafin jela kuma sai rairayi, sai kogi mai faɗi, sai dalar Fir'auna. Babu shakka mai kyamarar ya shiga birnin Kano, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ya je har Ƙofar Mata. Hoton jirgin yana tsakanin teku da hamada, a shafi ɗaya da karofi, a bayansa ga kuka guda da ƙasa shimfiɗaɗɗiya cikin hazo, kuma farkon shekara lokacin hunturu ne. A ambulan ɗinsa na rubuta da fensir: ƙirar jirgi, lambarsa, farkon 1943, hanyar Accra zuwa Khartoum, a shafin hotunan Kano. Iyakar abin da shaidu suka ba ni ke nan, shi na rubuta, ko da yake zuciyata tana son in taƙaita shi da kalma ɗaya.

Adana shi a ƙasarmu aiki ne na kansa. Damina tana sa hoto ya manne da ɗan'uwansa ya yi fumfuna, hunturu yana busar da shi ya nannaɗe ya tsage, gara kuma ba ta san tarihi ba. Na ɗauki hoton kowane shafi yadda yake, na sa farar takarda marar sinadari tsakanin shafi da shafi, na ajiye albam ɗin a kwance cikin akwati mai murfi, a kan kanta, nesa da bango, tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu cikin kwalin takalmi. Biro ba ya zuwa kusa da shi, haka ma salatif. Kuma ina roƙon duk mai tsohon hoto kada ya kai shi shagon da ake liƙe takardu cikin leda da zafi, kamar yadda muke yi wa satifiket. Zafin da gam ɗin suna cin hoton, kuma ba a ɓarewa.

Yanzu mutum goman da ke cikin jirgin ina da sunayensu, da garuruwansu, har da lambar bindigogin da suka riƙe. Mutanen da ke mirgina duron man kuwa, waɗanda ba don su ba jirgin ba zai tashi ba, babu wanda ya rubuta sunan ko ɗayansu a albam ko a kati. Su biyar ne a hoton, ɗaya ya ɗaure rigarsa a ƙugu, ɗaya ya juyo yana kallon kyamara. Na wanke babban kwafin wannan ɓangare na fara nuna wa dattawan unguwannin da ke kusa da filin jirgi, ko wani zai ga kamannin mahaifinsa. Bayan haka zan nufi Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin Lardin Kano na zamanin Turawa suke, in nemi takardun ɗaukar lebura da biyan albashi na aikin filin jirgi a shekarun yaƙin.